Muryar Mijin Goggo

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatun wannan shafi. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina girgiza kai, ina cewa ni dai ba zan yi irin wannan sakacin ba. To yau ga nawa. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba. Waɗanda suka san ni a unguwa za su gane ni tun kafin su kai tsakiya, sauran kuwa suna ba zai ƙara musu komai ba.

Lokacin da abin ya soma ni budurwa ce a New Bell, nan Douala, inda aka haifi uwata aka haife ni. Na yi boko da Faransanci, na karanci kwamfuta, na samu aiki a wani biro, wato ofis, a unguwar Bonapriso ina kula da kwamfutocin ma'aikata. A unguwa injiniya ake ce mini, ban taɓa cewa a daina ba. Wayar kowa ta rikice ni ake kawo wa, in latsa nan in latsa can ta dawo, a bi ni da albarka. Gaskiya kaina ya yi girma. Ina da irin taƙamar nan ta wadda ta san abin da mutanen gidansu ba su sani ba, idan tsohuwa ta yi mini tambaya sai in yi dariya tukuna kafin in ba ta amsa.

Shekarun nan ne da arewa ta rikice, mutane suna ta gangarowa kudu, wasu da kayansu, wasu da na jikinsu kawai. Kusan kowane gida a layinmu ya sauki baƙi. Matan da suka zo sukan ƙulle 'yan takardunsu a leda su ɗaura a ƙugu: takardar haihuwa, ta aure, ta gona, wata duk ta ci ruwa ta yi laushi. A wancan lokaci idan ba ka da takarda ko fita kasuwa fargaba ce. Su kuma ba sa son buɗe ƙullinsu gaban maza, sai suka riƙa zuwa wurina ina ɗaukar hoton takardun ina adanawa. Da abin ya yi yawa na roƙi wata tsohuwar kwamfuta da biro ya yar, na mayar da ita ma'ajiya, irin wadda a wurin aiki muke kira serveur, wato kwamfutar da ba a kashewa, tana nan kullum tana riƙe da kayan mutane. Na ɗora ta a saman kabad ɗin kayan Inna, mahaifiyata, saboda duk wanda ya san New Bell ya san da damina ruwa ba ya neman izini kafin ya shigo ɗaki. Na haɗa mata batirin riƙe wuta, na liƙa mata wani faifai na biyu da yake kwafe duk abin da ke ciki. Sannan na kafa wa Inna doka ɗaya, na maimaita ta har ta zauna mata: kome ya faru kada a taɓa, kada a kashe, kada a zare waya. Inna ta karɓi dokar hannu biyu. Har wani ɗan leshi ta yanko ta rufa mata don ƙura, ko shara za a yi ita take yi da kanta.

Cikin matan akwai wata da muke kira Goggo. Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini, Bafulatana ce daga can arewa, Hausarta ta kasuwa ce, tana sayar da turaren wuta da ɗankwali a gefen kasuwar Marché Congo. Ita ba takarda ta kawo mini ba, waya ta kawo, fuskar a tsage, batirin ya kumbura har murfin baya ya ɗage. Mijinta ne ya saka ta a mota ya ce ta yi gaba, shi zai tsaya da tsohuwarsa wadda ba ta iya tafiya, zai biyo baya. Ya turo mata saƙon murya sau uku, daga nan shiru. Ba a ga gawa ba, ba a ji labari ba, ko takaba ba ta yi ba domin babu wanda ya ce mata ya mutu. Na kwashe saƙonnin uku na zuba a ma'ajiyar, bayan 'yan makonni wayar ta mutu gaba ɗaya. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar, na yi ta ba mutane labarin yadda na cece su a kan gaɓa.

Daga nan Juma'a ta zama ranar Goggo. Idan an sauko daga masallaci sai ta rufe tiren turarenta ta zo, Inna ta shimfiɗa mata tabarma a gaban kabad, in kunna mata saƙon ƙarshen. Bai kai minti ɗaya ba. Da Fulatanci yake, ni kuwa ban wuce gaisuwa ba a Fulatanci, don haka sauti kawai na sani: zakara yana cara a nesa, mutumin ya yi tari a tsakiya, ya ɗan yi dariya a ƙarshe. Goggo ba ta kuka. Takan sunkuyar da kai ta saurara sau biyu, ta ce ya isa, wai kada a yawaita ya koɗe kamar kaset. Na yi mata dariyar nan tawa, na ce wannan ba ya koɗewa, ba ya ɓata, ko shekara ɗari za a yi yana nan. Wata rana ta nuna mini ƙaramar wayar da ta saya, mai maɓallai, ta ce an gaya mata akwai wani ɗan kati da ake sakawa a ciki, ko zan zuba mata muryar ta riƙa yawo da abinta. Na ce kasuwa ɓarayi sun yi yawa, nan ya fi tsaro, amma ba komai, zan kawo mata katin wani mako. Ta ce to, ɓingel am, wato 'yata, haka take kirana. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma ban kawo ba.

Bayan shekara na yi aure na koma unguwar Bépanda. Ma'ajiyar na bar ta a ɗakin Inna, domin nan matan suka sani, nan kuma Goggo take zuwa. Don kada nisa ya hana aiki sai na buɗe mata ƙofa ta intanet, yadda daga wayata zan iya shiga cikinta ko ina nake. Ran Juma'a Inna ta kira ni ta ce Goggo ta zauna, in latsa daga biro ko daga ɗakina, muryar ta fito ta ƙaramar lasifikar da na ajiye a saman kabad. Inna har makwabta ta kira su ga ikon Allah. Ni kuwa na ƙara kumbura.

Ga wanda bai san aikin ba, bari in faɗa a sauƙaƙe. Manhajar da kwamfuta take aiki da ita mutane ne suka rubuta, kuma lokaci zuwa lokaci akan gano ɓaraka a jikinta, wadda ɓarawo zai iya bi ya shigo. Idan aka gano sai masu manhajar su turo gyara, kamar faci, mu a biro mise à jour muke cewa. Ka karɓa, ka kashe kwamfutar ka sake kunnawa, ɓarakar ta toshe. Wannan shi ne aikina na yau da kullum, shi ake biyana in yi. Amma tawa ta saman kabad tsohuwa ce mai taurin kai. Idan aka ɗauke wuta ta daɗe har batirin ya ƙare ta mutu, sai na hau benskin, babur ɗin haya, na ratsa cunkoso na zo New Bell, na hau kujera, na buɗe gefenta na jijjiga wayoyi, in kunna ta ƙi, in kunna ta ƙi, sai a na huɗu ko na biyar ta tashi. Duk lokacin sai in ce yau kam ta tafi. Saboda haka idan ta tashi ta nuna mini saƙon cewa akwai gyara yana jira, a kashe a kunna, sai in ga ai hauka ne in kashe da hannuna abin da na sha wuya kafin ya farka. Akwai maɓallin da aka rubuta plus tard a kai, wato sai an jima. Shi nake dannawa in sauko daga kujera in ci tuwon Inna.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Sanarwa ta zo mana biro cewa an gano babbar ɓaraka a manhajar nan da ake shiga kwamfuta daga nesa da ita, irin wadda na saka a gida sak, kuma ɓarayi sun riga sun soma bi ta nan. A ranar na bi kwamfutocin biro ɗaya bayan ɗaya na gyara su. Har faɗa na yi wa sakatariya da ta ce in bari ta gama buga wasiƙa, na ce mata irin wannan ba a ce masa an jima. Ina cikin yi mata faɗan na tuna da ta saman kabad, na ce Asabar zan je. Asabar aka yi suna a dangin mijina. Ta gaba aka wuni ana ruwa. Daga nan laulayin ciki ya kama ni, ko warin hayaƙin babur ba na iya shaƙa. Na je New Bell sau da dama bayan haka, amma zuwa gida gaisuwa ce da hira da cin abinci, in ɗaga kai in ga 'yar fitilarta tana ci a ƙarƙashin leshi in ce ai lafiyarta lau. Nakan kuma ce a raina, wane ɓarawo ne zai bar bankuna ya zo neman abin da ke saman kabad ɗin Inna? Alhali na sani sarai ba zaɓe suke yi ba. Na'ura suke saki ta bi ƙofofin duniya tana murɗawa, wadda ta buɗe ta shiga. Ni da bakina na sha yi wa mutane wannan bayanin.

Wata Laraba da hantsi Inna ta kira ni ina tsakiyar aiki. Ta ce abin nan nawa tun jiya yake gurnani kamar injin markaɗe, fitilar tana ta ƙyaftawa ba tsayawa, leshin ma ya yi zafi, ko ta zare wayar ya huta. Na ce mata cikin gajiya, Inna ba na ce kada a taɓa ba, zafin gari ne kawai, a cire leshin a bar shi. Ta ce to, ta ba ni haƙuri. Daga baya na gane abin da take ji a lokacin. Ɓarayin ne a ciki, suna bin kayan ɗaya bayan ɗaya suna kullewa, tsohuwar kwamfutar kuma tana nishi saboda aikin ya fi ƙarfinta. Da Inna, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta bi hankalinta ta zare wayar nan, wataƙila da an tsira da wani abu. Dokata ta bi.

Ran Juma'a ta kira kamar kullum ta ce Goggo ta zauna. Na shiga ta waya na ga sunayen kayan duk sun juye sun zama tarkacen baƙaƙe da lambobi. Na latsa, babu abin da ya buɗe. Na ce wa Inna réseau ne, wato layin intanet, ba kyau, a ba Goggo haƙuri sai wani mako. Sannan na ɗauki jaka na hau benskin. Da na isa Goggo ta tafi. Na hau kujera na kunna allon, na tarar da saƙo da wani gurɓataccen Turanci, wai an kulle komai, in ina so a buɗe in biya ta intanet in rubuto wa wani adireshi. Na duba faifai na biyu, wanda na ajiye don irin wannan rana. Shi ma a kulle, tunda kullum a liƙe yake da ita, ban taɓa zare shi na ajiye gefe ba.

Mutane suna tsammanin a irin wannan lokaci ihu ake yi ko a faɗi. Ni ban ji komai ba. Na sauko daga kujera na mayar da ita wurinta. Inna ta zubo mini shinkafa da miyar gyaɗa na cinye tas, har na ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Ta tambaye ni ko an gyara, na ce ana kai. Na hau babur na koma Bépanda ina kallon bayan rigar mai tuƙi, ina karanta rubutun da ke jiki ina sake karantawa. Kwanaki na yi a haka, ina zuwa aiki, ina dafa abinci, ina amsa gaisuwa, kamar wata ce take yi ni ina gefe.

Takardun sauran mata ba su zama matsala ba, kusan kowacce tana da nata na asali a ƙulle a leda, na sake ɗaukar hotonsu. Muryar ce kaɗai ba ta da asali a ko'ina. Na kai faifan wurin wani abokin aikina da ya fi ni sani, ya duba ya ce irin wannan kullin ba mabuɗi babu dabara, sai dai a ajiye, wani lokaci bayan shekaru akan samu mabuɗan irin waɗannan ɓarayi a sake su, wani lokaci ba a samu. Na rubuta wa adireshin nan duk da na san bai kamata ba, ko amsa ba su ba ni ba. Na karɓi matacciyar wayar Goggo da ƙaryar cewa zan duba wani abu, na zaga da ita wurin masu gyara har huɗu, duk suka ce cikinta ya riga ya ruɓe. Juma'a uku ina cewa réseau. Goggo tana zuwa ta zauna a tabarma ta jira, ta yi hira da Inna, ta tashi ta tafi.

A ta huɗu na je da kaina. Na zauna a ƙasa gabanta na gaya mata komai, ban rage ba: gyaran da na ƙi yi, katin da ban kawo ba, wayar da na hana Inna zarewa. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kamar ina karanta rahoto a biro. Ta saurara har na gama. Sai ta tambaye ni abu ɗaya, wai an goge muryar ne ko tana ciki. Na ce tana ciki, amma a kulle, mabuɗin yana hannun mutanen da ban san su ba, ban san ƙasarsu ba, ban kuma san ko za a taɓa samunsa ba. Ta murza bakin zanenta. Can ta ce, to ashe ta bi mai ita ke nan, ba a ce ya mutu ba, bai kuma dawo ba. Ba da ɗaci ta faɗa ba, kamar mai faɗin farashin turare. Inna ce ta fashe da kuka ta fita tsakar gida. Ni na zauna ina kallon tabarma, na lura wani zare ya warware a gefenta, ina ta tunanin ya kamata a ɗinke.

Ta ce in ciro mata abin da muryar take ciki. Na kwance faifan na ba ta, ɗan ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba. Ta juya shi ta kara a kunne, sannan ta naɗe shi a sabon ɗankwali cikin na sayarwarta. Na ji daga baya a adakarta take ajiye shi, tare da wata hular mijin da ta taho da ita.

Bayan na haihu ta zo barka da turare mai yawa. Muna zaune ta tambaye ni, tunda na sha jin saƙon, ko na tuna tarin nan kafin maganar mabuɗi yake zuwa ko bayanta. Na ce Goggo ai ba na jin Fulatanci. Ranar ce ta fara gaya mini abin da yake faɗa. Ba wata babbar magana ba ce. Cewa yake ya bar mabuɗin shago wurin makwabci, ta riƙa shan maganin hawan jininta kada ta yi wasa, kuma an ce Douala ruwa ba ya ƙarewa, ta sayi takalmin roba kada ta je tana zamewa a gaban mutane. A nan ne yake dariya. Ta ce kalmomin duk tana riƙe da su, ba za su ɓace ba, amma muryar ce take guduwa. Yanzu idan ta tuna saƙon, da muryarta take jin sa. A nan ne, bayan watanni, abin ya sauko mini a ƙirji, na ji kunya da baƙin ciki irin wanda ban taɓa ji ba. Amma ko a lokacin hawaye bai zo ba, jaririyata na gyara wa zani.

Har yau Goggo tana zuwa gidan Inna ran Juma'a, ta saba. Har yau ɓingel am take ce mini, ba ta taɓa yi mini gori ba, ko da ido. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Lokaci zuwa lokaci nakan duba ko an saki mabuɗan, ba a saki ba. A unguwa kuma idan aka ce injiniya nakan ce a kira ni da sunana.

Abin da na koya ba ilimi ba ne, domin ilimin ina da shi tun farko, shi nake sayarwa. Na ɗauka amana ita ce ka karɓi abu ka ɗora a wuri mai tsawo ka hana kowa taɓawa. Ashe sai kana komawa kana dubawa, kana yin ɗan aikin nan mai gundura da ba wanda zai yaba maka. Ku da kuka ajiye kwamfuta a gida ko a shago tana aiki ba mai kula, musamman idan kun buɗe mata ƙofa ta intanet, idan gyara ya zo ku yi shi a ranar. Idan tsoron kashe ta kuke don ta tsufa, to ba ta cancanci riƙe kayan kowa ba, ku kwashe. Ku yi kwafi ku zare shi ku ajiye a wani ɗaki. Idan tsohuwar da ke kwana kusa da ita ta ce ta ji wani sauti, ku saurare ta. Abin da kuma mutum ba shi da irinsa a duniya, ku ba shi nasa a hannu, ko da kuna ganin kun fi shi sanin inda ya fi tsaro.

Katin nan da Goggo ta roƙe ni, na saye shi a makon da abin ya faru, ban san dalili ba. A bakin titi na same shi, ko ciniki ban yi ba, cikin minti biyu aka miƙo mini. Yana nan a aljihun jakata har yanzu cikin ledarsa, babu komai a ciki.